Tarihin Waƙoƙin Bishara a Cikin Sujadarmu

Gabatarwa

Shekarun baya, kafin ekklesiya ta kira ni aikin katikis, neman abinci ya kai ni Sabha, babban birnin ƙasar Fezzan a kudancin Libiya. Na zauna a unguwar Manshiya ina aikin gini. Mu goma sha ɗaya ne masu bi da muke jin Hausa a wurin aikin: waɗansu daga ƙasar Zazzau kamar ni, waɗansu daga Kafancan, biyu daga Biu, ɗaya kuma daga Maraɗi. Ranar Jumma'a muke taruwa, gama ita ce ranar hutu a ƙasar. Ba mu da fasto, ba mu da majami'a. Ɗakin kwananmu shi ne wurin sujada, muna waƙa ƙasa-ƙasa don kada mu dami maƙwabta. Littafi Mai Tsarki guda ɗaya ne a tsakaninmu. Littafin Waƙoƙi kuwa babu ko ɗaya, domin nawa ya salwanta tare da jakata a hamada, bayan mun bar Agadas.

Ana nan sai zazzaɓi ya kama ɗaya daga cikinmu, cikin kwana shida Ubangiji ya kira shi gida. Da muka sa shi a ƙasa, aka rasa mai yin magana. Kowa ya sunkuyar da kai. Can sai dattijon cikinmu ya ɗauko wata tsohuwar waƙa ta tashin matattu, muka amsa. Muka rera ta tun daga farko har ƙarshe, babu wanda ya tsaya yana neman baiti. Mu kuwa 'yan ekklesiyoyi huɗu ne: Angilikan, ECWA, EYN, da EERN ta Nijar. Yarenmu na gida ma ba ɗaya ba ne.

Tun ran nan nake tambayar kaina: yaya aka yi mutanen da ba su taɓa zama a majami'a ɗaya ba suka sami waƙa ɗaya a bakinsu? Wane ne ya sa mana ita? Amsar tana cikin tarihi, shi ne kuma nake so mu duba tare, domin mu san darajar abin da muka gāda kafin ya kuɓuce mana.

Waƙa a farkon Ekklesiya

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana Allah da kansa ya zaɓi waƙa ta zama ma'ajin koyarwa. A Maimaitawar Shari'a sura 31, sa'ad da Musa ya kusa mutuwa, Ubangiji ya umarce shi ya rubuta waƙa ya koya wa Isra'ilawa, domin ko sun mance da shari'a, waƙar za ta zauna a bakin 'ya'yansu ta zama shaida. Ubangijinmu Yesu ya yi waƙa tare da almajiransa a daren da aka bashe shi, kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun (Markus 14:26). Bulus da Sila sun yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, ƙafafunsu a turu. A Kolosiyawa 3:16 kuma Manzo Bulus ya haɗa waƙa da koyarwa da gargaɗi wuri ɗaya.

Ko waɗanda ba masu bi ba sun lura da wannan. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan Romawa mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tarajan rahoto a kan Kirista na lardinsa. Cikin abin da ya gano har da cewa sukan taru kafin fitowar rana a wata rana ta musamman, su yi wa Almasihu waƙa kamar yadda ake yi wa Allah.

Amma akwai wani labari da ya kamata mu riƙe, wanda ya shafi ƙasar Libiya ɗin nan. Ariyus mutumin Libiya ne, ya zama firist a Iskandariya ta Masar. Ya riƙa koyar da cewa Ɗan Allah halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Da yake mutum ne mai wayo, sai ya zuba wannan koyarwa cikin waƙoƙi masu sauƙi domin matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya. Kafin shugabannin ekklesiya su farga, ɓatan ta riga ta cika kasuwa. Sai da aka kira babban taro a Nikiya a shekara ta 325 aka ƙi koyarwarsa, duk da haka ba ta mutu nan da nan ba.

A shekara ta 386, a birnin Milan na Italiya, gidan sarauta ya so ya ƙwace wata majami'a ya ba mabiyan Ariyus. Bishop Ambros da jama'arsa suka shiga ciki suka ƙi fita, sojoji suna kewaye da su. Domin kada jama'a su karai, Ambros ya sa su waƙa dare da rana, waƙoƙin da suke ɗaukaka Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. A cikin taron akwai wata mace 'yar Afirka ta Arewa, Monika, mahaifiyar Agustin. Agustin ɗin nan, bayan ya tuba ya koma Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, shi ma ya yi amfani da wannan makami. Wajen 393 ya tsara wata doguwar waƙa domin talakawa marasa karatu su gane tsattsaguwar da ta raba ekklesiyar Afirka, ya kuma sa mata amshi wanda jama'a duka za su riƙa maimaitawa. Ashe bayarwa da amshi, irin na matan zumuntarmu, tsohon abu ne a ekklesiyar Afirka.

Darasin a fili yake. Waƙa jaki ce mai ƙarfi, duk kayan da aka aza mata za ta kai gida, ko gaskiya ko ƙarya.

Yadda bishara ta sami bakin Hausa

Abin mamaki ne yadda hanyar hamada ta shiga cikin labarinmu. A 1855 Baturen nan matafiyi na Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya koma Turai ta Murzuk a ƙasar Fezzan zuwa Tarabulus. Ya tafi da samari biyu da aka 'yantar daga bauta, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne. A Ingila ya zauna da wani ɗan mishan mai suna James Schön, ya zama malaminsa na Hausa. Da taimakonsa aka buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857. Wannan yaro ya bi ta cikin yashin da muka binne ɗan'uwanmu.

Bayan shekaru arba'in da 'yan kai, Likita Walter Miller da abokansa na mishan CMS suka sauka a Tarabulus domin su koyi Hausa wurin fatake da alhazai. A can Miller ya haɗu da wani yaro ɗan ƙasar Hausa, Abdul Majid, wanda ya zama mataimakinsa. A 1900 suka bi Bishop Tugwell zuwa Kano, amma Sarkin Kano Alu ya sallame su, suka koma Girku. Miller ya shiga birnin Zariya a 1905, a 1929 kuma aikin ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da jar ƙasa bisa ginin Hausa.

Waɗansu ma suna ta ƙoƙari a nasu gefen. Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent sun sauka Ikko a 1893. Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida, Bingham ne kaɗai ya ragu ya kafa mishan SIM, wadda ta buɗe tasha a Patigi a 1902. Karl Kumm na SUM ya isa Wase a 1904. Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta fari a gindin tsamiya a Garkida ran 17 ga Maris, 1923. SIM ta haura Damagaram a 1924, daga baya ta kai ƙasar Maraɗi da Galmi.

Waɗannan mutane sun tarar da yaruka barkatai: Birom, Angas, Bajju, Tangale, Bura, Margi, Bacama, da sauransu da yawa. Ba za su iya juya littattafai cikin kowane yare ba, sai suka ɗauki Hausa ta zama harshen makarantar masu bishara, kamar yadda aka yi a Gindiri tun daga 1934. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Amma masu iya karatu kaɗan ne ƙwarai, littafin kuma yana da tsada ga manomi. Abin da ya fara shiga kunnen jama'a, ya zauna, shi ne waƙa.

Littafin Waƙoƙi

'Yan mishan sun zo da waƙoƙin ƙasarsu a ka. Akwai na Isaac Watts, da na Charles Wesley wanda ya rubuta fiye da dubu shida, da na Fanny Crosby, makauniyar nan ta Amurka. Da yawa sun fito daga littafin Ira Sankey, mawaƙin da ya riƙa bin mai wa'azi Moody wurin tarurrukan farkawa tun shekarun 1870. Suka zauna da tubabbu na fari suna juya su da Hausa, baiti baiti. Daga wannan aiki ne aka sami Littafin Waƙoƙi na SIM, wanda ya ƙetare iyakar ɗarika ya shiga hannun kusan kowane mai bi da ke sujada da Hausa.

Dole mu faɗi gaskiya, aikin yana da aibu. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai dogon wasali da gajere. Garin da muke zaune ciki da garin tuwo rubutunsu ɗaya ne, murya ce take raba su. Muryar waƙar Turawa ba ta san wannan ba. Sau da yawa takan ja gaɓar da ya kamata a taƙaita, ta ɗaga wadda ya kamata a sauke, har Bahaushen da ya tsaya a bakin taga yana sauraro ya kasa gane abin da ake faɗa. Waɗansu baitoci kuma an matse su don su shiga awon Turanci, Hausarsu ta zama gurguwa.

Duk da haka kakanninmu sun karɓi waƙoƙin nan, sun lanƙwasa muryoyin sannu a hankali har suka zama nasu. Dalili kuwa shi ne abin da ke ciki. Waƙa guda takan fara da zunubin mutum, ta bi ta gicciye, ta ƙare da begen sama. Wanda ya haddace ashirin daga ciki ya riga ya sami katikisim, ko bai san a daga ba ba. Ni kaina na ga wannan a ajin baftisma. In na tambayi tsohuwa me ya sa Yesu ya mutu, takan yi shiru tana kunya. In na ce ta rera mini waƙar Jumma'a Mai Kyau, sai amsar ta fito sarai.

Mu tuna da asibitocin kutare waɗanda SIM ta riƙe tun ƙarshen shekarun 1930: Yadakunya kusa da Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a ƙasar Sakkwato. Majinyata da yawa ba su da yatsun buɗe littafi, waɗansu idanunsu sun dushe. Amma suna da murya. Waɗanda suka ba da gaskiya a can, da aka sallame su, da waƙa suka koma ƙauyukansu, da ita kuma suka riƙe bangaskiyarsu a wuraren da babu wani mai bi sai su kaɗai.

Mata sun shigo da tulu

A wurare da yawa 'yan mishan na fari sun hana ganga da rawa a cikin sujada. Suna da dalilinsu, gama tubabbu da kansu sun san kiɗan da ake yi wa bori da dodanni, suna tsoron kada ya ja su baya. Saboda haka sujadar farko ta tsayuwa cik ce, littafi a hannu, in an yi sa'a da ƙaramin molo na Turawa mai iska.

Mata ne suka sāke wannan, ba tare da gardama ko taron majalisa ba. A Zumuntar Mata, inda babu Bature mai tsawatawa, suka soma tsara waƙoƙinsu da muryar daka da niƙa da ta aikin gayya. Mace ɗaya tana bayarwa, saura suna amshi. Kayan kiɗansu na cikin gida ne: tulu da ake bugun bakinsa, da caki, da kuge, daga baya ganga ta biyo. Ba wanda zai ce tulun ruwa kayan tsafi ne. Da haka kiɗan ƙasa ya shiga majami'a ta ƙofar madafi.

Abin da suke rerawa shi ne mafi muhimmanci. Sukan ɗauki labari guda, na Yusufu ko Rut ko ɗa mubazzari ko budurwai goma, su bi shi daki-daki har ƙarshe, sa'an nan su juyo da shi kan mai sauraro. Suna gargaɗi a kan shan giya da kishi da gulma da rashin riƙon gida. Akwai abin da fasto ba zai iya faɗa wa dattawan ekklesiya daga bagade ba, amma mata su faɗe shi cikin waƙa, kowa ya haɗiye. Da yake muryar ta taso daga cikin harshen ne, kowace kalma tana fita yadda ake faɗinta. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Bayan da ekklesiyoyi suka tsaya da ƙafafunsu, ECWA a 1954, tarayyar da ake kira TEKAN yanzu a 1955, sai wannan salo ya bazu ko'ina. 'Yan'uwanmu Katolika su ma, bayan babban taron Batikan na Biyu ya buɗe ƙofa ga harsunan gida a 1963, suka shigo da Hausa da ganga cikin Mas.

Nauyin waƙoƙin mata ya bayyana a lokacin tsanani. Bayan an sace 'yan mata 276 daga makarantar Cibok a watan Afrilu na 2014, galibinsu 'ya'yan EYN, aka kuma ƙone majami'u masu yawa a arewa maso gabas, matan zumunta ba su bar waƙa ba a sansanonin gudun hijira. A 2015 ƙungiyar mawaƙan matan EYN ta zaga Amurka tana ba da shaida da Hausa. Masu sauraro ba su jin harshen, amma sun gane cewa ekklesiyar nan tana da rai.

Sabon Rai, rediyo da kaset

A 1963 aka soma aikin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya koya wa masu bi cewa shaidar Almasihu aikin kowa ne, ba na fasto kaɗai ba. 'Yan Sabon Rai suka riƙa fita ƙauyuka da kasuwanni ƙungiya ƙungiya. Waƙa ce take tara musu jama'a kafin a buɗe Littafi. Waƙoƙinsu gajeru ne, masu kira zuwa tuba, yaro yana ji sau biyu ya kama. Har yau ƙungiyoyin nan suna nan a majami'unmu.

Rediyo ya ƙara wa waƙa fiffike. Tashar ELWA ta buɗe a Laberiya a 1954, tana watsa shirye-shirye da Hausa. Muryar Bishara ta riƙa ɗaukar mawaƙa a Jos, ana watsawa daga tashar Lutharan da ke Adis Ababa tun 1963, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Ta wannan hanya waƙar da aka tsara a Numan ta kai Maraɗi, ta Kagoro ta kai Biu. Kaset ya zo ya ɗora, sa'an nan mawaƙa irin su Panam Percy Paul suka haɗa kayan kiɗan zamani da saƙon bishara, na bayansu kamar Jeremiah Gyang da Solomon Lange suka kai waƙar Hausa har kunnen waɗanda ba su jin Hausa. Yanzu kuwa waƙa tana cikin wayar kowa.

To, ga amsar tambayata ta Manshiya. Littafi ɗaya, zumunta ɗaya, rediyo ɗaya, su ne suka sa mana waƙa ɗaya a baki.

Inda muke yau

'Yan'uwa, ba na cikin masu cewa kowace sabuwar waƙa mugunta ce. Zabura da kanta ta ce a rera sabuwar waƙa, tulun iyayenmu mata ma sabon abu ne a zamaninsa. Amma akwai abubuwa uku da suke damuna.

Na fari, waƙoƙinmu suna ramewa. Da yawa daga cikin sababbin layi biyu ne ake maimaitawa sau talatin. Suna motsa jiki, amma in ka matse su ba za ka sami gicciye ko tuba ko tashin matattu ba. Waɗansu ma alkawarin mota da kuɗi da mutuwar maƙiya suke yi, abin da Ubangiji bai alkawarta ba. Mu tuna da Ariyus.

Na biyu, jama'a sun soma zama 'yan kallo. Lasifika ta fi ƙarfin taro, mawaƙa biyar suna gaba suna yi, saura suna tafi. Ranar da babu wuta ko man janareta, sujada takan yi sanyi kamar an yi mutuwa. A Milan da Wusasa da Garkida jama'a duka ne suke waƙa.

Na uku, muna barin harshen da tsofaffi da mutanen ƙauye suke ji. Na ga tsohuwa ta tsaya rabin sa'a tana motsa leɓe cikin waƙar Turanci, ba ta san ko yabo take yi ko roƙo ba. Manzo Bulus ya ce a yi waƙa da ruhu, a kuma yi da fahimi.

Na gwada yaran ajina na tabbatarwa kwanan baya. Na ce kowa ya rera mini waƙa guda daga Littafin Waƙoƙi ba tare da dubawa ba. Ƙalilan ne suka wuce baiti na fari. Na koma gida da baƙin ciki, domin na san waɗansunsu za su bi hanyar Agadas kamar yadda na bi, waɗansu za su kwanta a asibiti, waɗansu za su sami kansu inda za a ƙwace musu waya da Littafi. A ran nan abin da ke cikin zuciya ne kaɗai zai ragu.

Kammalawa

Shawarata mai sauƙi ce. Kowace majami'a ta zaɓi tsohuwar waƙa guda kowane wata, a koya wa yaran makarantar Lahadi dukan baitocinta har su haddace. Iyaye su komo da waƙa cikin addu'ar gida ta safe da ta dare. Fasto da dattawa su riƙa sauraron sabuwar waƙa kafin a kawo ta sujada, su auna ta da Maganar Allah kamar yadda ake auna wa'azi. Matasa masu waya su je wurin tsofaffin matan zumunta su ɗauki waƙoƙinsu, su rubuta su, gama yawancinsu ba a taɓa sa su a takarda ba, kowace tsohuwa da muka binne kuma takan tafi da nata. Masu baiwar tsara waƙa su zauna da Littafi Mai Tsarki tukuna kafin su ɗauki jita.

Waɗanda aka kai bauta Babila sun rataye molayensu a itatuwa, suna tambaya yadda za su yi waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa. Mu a Manshiya mun iya, ba don ƙarfin bangaskiyarmu ba, sai don waɗansu sun sha wahalar koya mana tun muna yara. Ban san sunan wanda ya juya waƙar da muka rera a bakin kabarin nan ba, ban kuma san matar da ta koya wa dattijonmu ita ba. Amma aikinsu ya bi mu har Fezzan. Ubangiji ya ba mu alherin yi wa 'ya'yanmu haka. Amin.